Kanwar da Na Jiƙa wa Rakiya

Da sunan Allah na ɗauki alƙalamin nan. Shi ya ba ni ita, shi ya karɓi abarsa.

Ban taɓa kiran sunanta ba tana raye. 'Yar fari ce, mu kuwa yadda aka tashe mu a Gaya, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da ranta zai fita. In ina nemanta sai in ce "ke", ko in tambayi ƙannenta, "Ina yarinyar nan?" Kusan shekara ashirin muna haka. Yanzu na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina, yara suna leƙe ta katanga suna dariya, na koyi haɗa baƙi da wasali. To abin da baki ya kasa, bari hannu ya yi. Sunanta Rakiya. Na rubuta labarin jinyarta ne saboda duk matar da ke da 'ya mai ciki, don ni ba wadda ta gaya mini.

Maigidana, Malam, kanwa yake sayarwa tun kafin ya aure ni. Ranar kasuwar Gaya yana rumfarsa, ranar ta Ajingi ya ɗora wa jaki ya tafi. Fulani su saya wa shanu, mata su saya don ɗanwake da miyar kuɓewa, masu jego kuwa su ne manyan masu sayensa. Yana saurayi ya taɓa bin fatake har ƙasar Manga, can gabas inda ake ɗebo ta, kuma tafiyar nan guda ɗaya har yau bai gama ba da labarinta ba. In ya soma, ni tashi nake in duba tukunya. Rakiya ce mai zama ta tallafe haɓa.

"Kanwa ba shuka ta ake yi ba," haka yake ce mata. "Ruwa ne yake tara ta. Ruwan sama ya sauka a kan tudun rairayi, ya nutse, yana tafiya a ƙarƙashi yana lasar gishirin ƙasa kaɗan-kaɗan, ba mai gani. Ya je ya ɓullo a kwari ya zama tafki. In kika ɗebo a tafin hannu garau yake kamar na randa. Sai rani ya zo, rana ta shanye ruwan. Abin da ya ɗauko kuwa ba ya bin sa sama, nan yake zama, fari fat."

"To Baba, ina take kafin ruwan ya ɗauko ta?"

"Tana cikin ƙasa a warwatse. Ruwa ba shi ya yi ta ba, ba ya kuma kashe ta. Ɗauka yake daga nan ya ajiye can."

Ni a lokacin surutun mai kanwa na ɗauke shi.

Ta yi aure a wani ƙauye gefen Ajingi, gidan manoman gyaɗa. Mijinta Garba mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Cikinta na wata bakwai aka kawo mana ita goyon ciki, yadda ake yi a haihuwar fari. Ta sauka lafiya da bazara, a shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, ana zafin da ko kaza sai ta buɗe baki. 'Ya mace, aka sa mata Amina. Goggo Dije, yayar Malam, ita ta karɓi haihuwar. Ungozoma ce, rabin unguwarmu a hannunta suka faɗo.

Muka shiga jego yadda muka gada. Garba ya turo itace a amalanke har ya kusa tsawon katanga. Safe da yamma in tafasa ruwa a babbar tukunya, in tsoma ganyen darbejiya ina fyaɗa mata har fatarta ta yi ja. Ta fito ta kwanta a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Sannan kunun kanwa, ƙwarya cike, safe, rana da yamma. Abin da muka sani shi ne jikin mai jego ɗanye ne, sanyi jira yake ya shige shi, wuta da kanwa su ke korar sa, su kuma kawo nono. Malam da kansa ya zazzage buhu uku kafin ya zaɓo dunƙulen da ya yi masa, ungurnu, irin kanwar da ta fi kyau, ya kai girman kan jariri. Ya miƙo mini ya ce, "Wannan ba ta sayarwa ba ce."

A nan zan faɗi abin da ya fi mini nauyi. Ba ni da damar in zauna kusa da ita in ce sannu, ba ni da damar in ɗauki jaririyar in yi rawa a gaban mata. Duk abin da ke raina, a kunun nan nake zuba shi. In wata uwa tana jiƙa kanwa kamar goro ɗaya, ni kamar uku nake jiƙawa. Ina so a ce ba a taɓa ganin mai jegon da ta yi kyau irin 'yar gidan mai kanwa ba. In na miƙa mata ƙwaryar sai in kau da kai in ce, "Ke, shanye, kar ki rage." Ba ta taɓa ragewa ba.

Sati biyun farko lafiya lau. Aka yi suna, aka ci ƙauri, dangin Garba suka zo suka ce ta yi ɓulɓul, na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina.

A sati na uku ƙafafunta suka fara kumbura. Na nuna wa Goggo Dije, ta danna da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Sanyi ne," in ji ta. "Kin yi sake da wuta. Ƙara itace, ki ƙara kanwa, zai fita ta gumi."

Na ƙara. Ba na zargin Goggo Dije, don ko ba ta faɗa ba abin da zan yi ke nan.

Sati na huɗu kumburin ya hau gwiwa, ya hau cinya. Awarwaron hannunta ya ƙi fita, sai da muka shafa man gyaɗa. Daga ɗaki zuwa makewayi sai ta tsaya sau biyu ta dafa bango. In na ce, "Ke, lafiya?" sai ta ce, "Lafiya, Inna." Yadda nake jin kunyarta haka take jin tawa, ba za ta iya kallon idona ta ce numfashi yana gagarar ta ba. Masu zuwa dubiya kowa da tasa. Wata ta ce maye ne, a nemi rubutu. Wata ta ce ciwon shawara ne, ta kawo sassaƙe. Wata ta ce ai kumburin jego alamar jini ne ya cika. Rubutun mun ba ta, sassaƙen mun dafa, kuma ko wanne da kunun kanwa ake kora shi.

Sati na biyar ta daina iya kwanciya. In ta miƙe bayanta a gado sai ta zabura kamar wadda aka danna a ruwa. Na kifa mata turmi, na ɗora matashi, a zaune take barci ta jingina kai. Tari ya zo, mai kumfa. Wata safiya Malam ya tsaya a bakin ƙofa ya saurari numfashinta, ya ce a shirya ta za a kai ta asibitin sha-ka-tafi na gari. Goggo Dije ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, iska za ta buge ta. Malam bai taɓa musu da yayarsa ba sai ran nan.

"Yaya, ki yi haƙuri. Wannan numfashin ba zai kai arba'in ba."

Malamin asibitin ya sa abin saurare a ƙirjinta, ya danna ƙafar, ya ce wannan ya fi ƙarfin maganin da ke kabad ɗinsa. Ya rubuta takarda ya ce Kano, yau ba gobe ba. Allah ya saka masa da alheri, bai ɓata mana lokaci ba.

Malam ya sayar da tunkiyata da ɗanta a tsaye, muka hau babbar mota mai ɗaukar gyaɗa, ni da shi da Rakiya, Amina a bayana. Har muka haye gadar Wudil tana jingine da buhu, bakinta a buɗe. Mun isa babban asibiti kafin azahar, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Layin kati daban, layin awo daban, layin ganin likita daban. Mai ba da katin ya daka mini tsawa don ban san shekarunta da lissafin boko ba, ya ce mu ƙauyawa sai mun ga mutum zai mutu muke kwaso shi. Maganar ta yi mini ciwo, kuma har yau ban yafe masa yadda ya faɗe ta ba, ko da yake ba ƙarya ya yi ba. Amma a layin nan wata mata da ban sani ba, da ɗanta mai karaya a hannu, ta dubi Rakiya ta tashi daga gaba ta ce mu shige wurinta. Ban tambayi sunanta ba. Kullum tana cikin addu'ata.

Likitan dogo ne, ɗan Kudu, amma Hausa a bakinsa tas. Ya gwada ta, ya sa aka ba ta gado, aka yi mata allura, sannan ya kira mu gefe. Ya tambaye ni abin da take ci da yadda ake mata wanka, na faɗa masa da alfahari, har da yawan kanwar. Ya juya wajen Malam.

"Malam, mece ce sana'arka?"

"Kanwa nake sayarwa, ranka ya daɗe."

Ya ajiye alƙalami ya ɗan jima yana kallonsa.

"To kai za ka gane da sauri. In damina ta yi nisa, yaya buhunanka suke yi a shago?"

"Damshi suke yi. Ko ba a yayyafa musu ba, sai ka ga ƙasan wurin ya jiƙe."

"Haka take yi a jikin mutum. Kun narkar da ita a kunu, kun daina ganin ta, amma ba ta ɓace ba. Ta shiga jini. Inda kanwa ta je, ruwa yana bin ta ya zauna. Ruwan nan da ke ƙafarta da cikinta da huhunta, kanwa ce ta riƙe shi. Zuciya ce mai tura shi, ga ta ta yi aikin ciki wata tara, ga zafin wanka, ga gadon wuta. Ta gaji, ta yi faɗi."

Malam ya sunkuyar da kai. Ni ce na yi magana, raina a ɓace.

"Likita, ni haihuwa takwas na yi, duk da kanwa na tashi."

"Na sani, Mama. Mata da yawa suna sha su tashi lafiya. Wasu kuma zuciyarsu ba ta ɗauka. 'Yarki tana cikinsu."

Kwana goma sha shida muka yi. Ni a kan tabarma a baranda, Malam ya koma gida yana zuwa ran Juma'a, Garba ma ya zo sau biyu da fura. Maganin da suke ba ta na fitsari ne. Wallahi ban san jikin mutum yana iya ɓoye ruwa haka ba. Ni nake ɗaukar tasar in zubar, in dawo ta sake cika. Abinci kuwa lami, ba gishiri ko ƙwaya. Ma'aikatan wasu masu faɗa, wasu masu haƙuri. Akwai wata gajeriya da take karɓar Amina ta goya in na je wanki. Kwana huɗu, Rakiya ta kwanta a bayanta ta yi barci. Kwana goma, na ga ƙashin idon sawunta. Ta rame ƙwarai, amma tana dariya, har ta ce in Baba ya zo in gaya masa ta ga tafkin da yake ba da labari, a ƙafarta yake.

Ranar sallama likitan bai yi wa Malam magana ba, ni ya tsayar.

"Mama, da ke nake, don ke ce mai ludayi. Ba kanwa, ba gishiri, ba wankan tafasasshen ruwa, ba gadon wuta. Ko kamar ƙwayar gero. Zuciyar nan jaki ce da kaya ya durƙusar. Ta miƙe, amma in aka sake ɗora mata ba lallai ta tashi ba. Kin ji?"

"Na ji."

"Kin yi alkawari?"

Na ce na yi alkawari. Allah yana ji, Rakiya tana ji.

Da muka dawo Gaya damina ta sauka. Malam ya kwashe duk wata kanwa da ke gidan ya kai shagon zaure, ya sa kwaɗo, mabuɗin a aljihunsa. Aka rushe gadon ƙasa. Ina ba ta ƙwayoyin asibiti safe da yamma, ina dama mata kunun tsamiya.

Sai nono ya ja baya. Amina ta kama ta tsotsa ta tsotsa, ta saki ta tsala kuka. Wuyanta ya fara yin tsawo, maɗigarta ta faɗa. Muka gwada nonon akuya, ya ɓata mata ciki. Rakiya ta zauna da ita a cinya, yarinya na kuka uwa na kuka. Mata kuwa ba su bar ni na huta ba. A rijiya, a gidan suna, har cikin ɗakina.

"Mai jego ba kanwa? Ina aka taɓa yi?"

"Sun ceto uwa za su kashe 'ya."

Goggo Dije ta zo ta ɗauki Amina ta auna ta a hannu, ta ajiye. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Likitan nan namiji ne. Ya taɓa shayarwa? Ni ban ce ki cika ba. Ɗan kaɗan, don nono ya dawo. Ai ciwon ya riga ya fita, ba ga ƙafarta nan kamar ta budurwa ba?"

Kwana takwas ina cewa a'a. A na tara, da rana tsaka, Malam yana kasuwar Ajingi, Amina ta yi kuka har muryarta ta dushe, sai buɗe baki take ba sauti. Na shiga ɗakina na buɗe kwalla. Ragowar dunƙulen nan da Malam ya zaɓo yana ciki, naɗe a tsumma. Malam ya kulle ta shago, ya manta da wanda ya ba ni da hannunsa. Na ɓantari ɗan kaɗan, na jiƙa a wata 'yar ƙwarya, na ɓoye ta a bayan rumbu. Ina kallo ya narke, ruwan ya kwanta garau. Na ce a raina, wannan ɗan abin da ko gani ba a yi, me zai yi wa mutum? Na tace, na dama kunu, na cika masa citta da barkono don kar a ji. Na miƙa mata na kau da kai.

"Ke, shanye."

Ta kurɓa, ta ɗan tsaya. Sannan ta shanye.

Kwana uku nono ya dawo. Ko kanwar ce, ko don ta samu kunun da take iya sha da yawa ne, Allah ne masani. Amina ta ƙoshi ta yi barci, gida ya yi shiru, Malam ya ce alhamdu lillahi maganin asibiti ya kama. Ni kuma da na ga haka, ɗan kaɗan ɗin ya zama ɗan ƙari. A satin nan ƙwayoyin suka ƙare, ranar komawa asibiti ta zo, aka ce ruwa ya cinye kwalbati a hanyar Wudil, mota ba ta wucewa. Muka ce bari hanya ta gyaru. Zan iya ɗora wa hanya laifi, mutane da yawa sun ɗora mata don su sanyaya mini rai. Ni na san abin da ke bayan rumbu.

Wannan karon bai bi sati-sati ba. Ran Talata na ga ƙafar ta ɗan tasa, na daina jiƙawa a take, na ce kumburin zai saɓe. Ran Laraba ta koma kan turmi. Ran Alhamis da safe leɓɓanta suka yi duhu, kumfar tarin ta zo da ja-ja. Malam ya fita neman mota, aka aika wa Garba, ya zo a keke ya wuce neman wata. Malamin asibitin gari ya zo ya yi mata allurar da yake da ita, ya fita yana girgiza kai.

Turmin ya gagare ta. Na zauna a bayanta na jingina ta a ƙirjina. Rabon da in riƙe ta haka tun ranar da aka yaye ta. Na ji zuciyarta a jikina, tana gudu tana tuntuɓe. Ɗakin ba kowa sai mu da Amina tana barci. Na ce yau ko kunya za ta kashe ni sai na faɗa.

"Ke. Kunun nan da nake ba ki..."

"Na sani, Inna."

Magana ɗaya, numfashi uku.

"Tun ranar farko... na ji ta a harshena. 'Yar mai kanwa ce fa ni."

"To don me kika sha? Kina ji likita ya ce..."

"Ke kika ba ni." Ta huta. "Kuma ga ta can... ta ƙoshi."

Hawayena yana zuba a kan kitsonta.

"Kar ki gaya wa Baba," in ji ta. "Ki yafe mini, Inna."

"Ni za ki yafe wa. Ni."

Ta matse mini yatsa. Na buɗe baki zan kira sunanta, sau ɗaya dai a duniya ta ji shi a bakina. Sai labule ya ɗaga, Goggo Dije ta shigo da rubutu a kofi, wasu mata biyu a bayanta. Na haɗiye. Har a wannan lokacin kunyar idon mutane ta fi ƙarfina, kuma wannan ban san ranar da zan yafe wa kaina shi ba. Aka yi ta yi mata kalmar shahada tana amsawa da leɓe. Ana kiran azahar ta cika. Motar da Garba ya samo ta iso ana mata wanka.

Washegari rana ta fito da ƙarfi bayan kwana da kwanaki ana hadari. Gida cike da masu gaisuwa, kowa na cewa kwana ne ya ƙare. Sai na tuna da 'yar ƙwaryar. Na zame kamar zan kewaya, na bi ta bayan rumbu.

Malam na tarar a tsugune, ƙwaryar a hannunsa. Ragowar ruwan ya bushe, ya bar farin zobe a cikinta, zagaye, kamar an zana da alli. Ya sa yatsa ya shafa, ya kai harshe. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗanɗana kanwa kafin ya saya, ba sai an gaya masa wace ce ba, har buhun da ta fito ya sani. Ya ɗago ya dube ni. Na tsaya ina jiran saki, ko tsinuwa, ko ya kira mutanen zaure su zo su gani. Duk wanda ya yi, da na ce daidai ne.

Ya jawo butarsa, ya ɗebi ƙasa, ya shiga cuɗa ƙwaryar. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya wanke ko cokali ba. Ya cuɗa ya ɗauraye, ya cuɗa ya ɗauraye, har farin ya fita. Ya kife ta a kan rumbu. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba:

"Buhu uku na zazzage kafin na zaɓo ta."

Ya koma zaure wajen baƙi. Daga ranar har yau bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Bai bar sana'arsa ba, da ita muke ci. Amma duk wanda ya tsaya a rumfarsa sai ya tambaye shi, "Ta shanu ce, ta miya ce, ko ta mai jego?" In aka ce ta mai jego, sai ya ce a zauna, ya ba da labarin likitan nan da buhunan damina. Wasu su saurara, wasu su ce tsufa ya kama mai kanwa, su wuce rumfar gaba.

To ku mata 'yan'uwana, ni ban zo raina abin da iyayenmu suka yi ba, da shi aka raine ni. Amma in kuka ga ƙafar mai jego ta kumbura, kuka danna ya lotsa, in ta kasa kwanciya a bayanta, ba sanyi ba ne. Ku janye wuta, ku ɗauke kanwa, ku nemi asibiti tun tana iya takawa. In an ce muku ko ƙwayar gero, to ko ƙwayar gero ake nufi. Kada narkewarta ta ruɗe ku yadda ta ruɗe ni.

Amina ta rayu. Wata ƙanwar Garba mai goyo ce ta shayar da ita, Allah ya biya ta, da aka yaye ta Garba ya kawo mini ita ya ce ta fi dacewa da hannuna. Bai san abin da hannun ya yi ba. Yanzu shekararta shida, ita ce mai zama ta tallafe haɓa in Malam ya soma labarin ƙasar Manga.

Ragowar dunƙulen nan, ran sadakar uku na haƙa rami a bayan rumbu na binne shi, na take ƙasar da ƙafa, na ce shi ke nan na rabu da shi. Damina ta bi ta kansa ta narkar. Da rani ya yi, sai ga fari ya tsatso a saman ƙasar wurin. Na share. Wani ranin ya sake fitowa. Ko ciyawa ba ta tsira a nan, awaki ne kawai suke zuwa lasa. Bana Amina ta ja ni da zani ta kai ni wurin, ta nuna da yatsa.

"Inna, wa yake zubar da gari a nan kullum?"

Na ce mata in ta iya karatu za ta sani. An sa ta a makaranta, ta fara haɗa baƙi, ta ma fi ni sauri. Takardar nan a kwalla zan ajiye ta, inda dunƙulen ya zauna. Amina, in kin kai nan, ni ce na zubar da garin. Sunan uwarki Rakiya, kuma ba ta taɓa rage abin da na miƙa mata ba.